Gimbiya Elizabeth Bagaya ta Toro: Lauya, Minista da Jakadiyar Yuganda

Cikin matan Afirka da suka riƙe manyan muƙamai tun daga samun mulkin kai, da wuya a sami wadda al'amarinta ya tara abubuwa masu nisa da juna kamar na Gimbiya Elizabeth Bagaya, 'yar Sarkin Toro ta ƙasar Yuganda. 'Yar sarki ce, a kan idonta aka rushe sarautar gidansu, a kan idonta kuma aka mai da ita bayan shekara 26. Ita ce mace ta fari daga Afirka ta Gabas wadda Ingila ta ba iznin tsayawa gaban alƙali da sunan lauya. Ta yi ministar harkokin waje ta Idi Amin wata 9, ta tsira da ranta da ƙyar, sa'an nan ta komo ta yi jakadanci a Amurka da Jamus da Nijeriya. Jaridun Turai sun cika duniya da hotunanta, amma tsawonta da adonta su ne suka fi ɗauke musu hankali. Abin da mu ke nufi a wannan takarda shi ne mu bi sawun aikin da ta yi wa hukuma, mu kuma tsaya a kan wata tambaya mai nauyi, watau yadda aka yi masaniyar shari'a ta yarda ta zama bakin gwamnatin da ta kashe Alƙalin Alƙalanta.

Ƙasar Toro da gidan sarautarta

Toro tana yammacin Yuganda, a gindin duwatsun Ruwenzori, kusa da iyakar Kwango. Babban garinta Fort Portal, fadar sarki kuwa tana bisa tudun Kabarole. Ba tsohuwar sarauta ba ce ƙwarai. Wajen shekara ta 1830 wani ɗan Sarkin Bunyoro mai suna Kaboyo ya ɓalle daga ubansa, ya kafa tasa daular a kudancin ƙasar, ya ɗauki sarautar Omukama, watau sarki. Bunyoro ba ta taɓa yafe wannan ɓallewa ba. Sa'ad da Kabalega ya hau gadon Bunyoro, jarumi ne mai tsananin yaƙi, ya aika da mayaƙansa suka ci Toro, suka watsa 'ya'yan gidan sarauta. Wani yaro daga cikinsu, Kasagama, ya tsira, ya girma a gudun hijira.

A nan ne labarin ya gamu da wani mutum da mu mutanen Arewa muka sani sarai. A shekara ta 1891 Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamnan Nijeriya ta Arewa, yana aiki ƙarƙashin kamfanin Ingilishi na Afirka ta Gabas. Ya taso daga Buganda ya nufi yamma, ya ɗauko Kasagama ya ɗora shi bisa gadon Toro, ya kafa sansani a tafkin gishirin Katwe, wanda ya ke shi ne babbar dukiyar wannan yanki. Don ya tsare sabon sarkin daga Kabalega, sai ya tafi har gefen tafkin Albat ya kwaso sauran sojan Sudan waɗanda Emin Pasha ya bari ƙarƙashin Salim Bey, ya zuba su cikin jerin ganuwoyi a kan iyaka. Masu tsaron nan sun wahal da talakawan Toro kusan kamar yadda abokan gaba suka yi. Zuriyarsu su ne a ke kira Nubi a Yuganda, su ne kuma suka zama ƙashin bayan sojan mulkin mallaka, watau King's African Rifles. Cikinsu Idi Amin ya tashi, cikin wannan runduna kuma ya shiga soja a 1946. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, don hannun da ya tsai da kakan Gimbiya bisa gado shi ne ya shuka irin da ya haifad da wanda ya nemi halaka ta.

Kasagama ya shiga addinin Kirista, aka raɗa masa Daudi. A 1900, shekarar da Lugga ya ta da tutar Ingila a Lokoja, aka yi yarjejeniya tsakanin Toro da Ingilishi, wadda ta bar wa sarki gadonsa da hakimansa ƙarƙashin inuwar Gwamna. Da ya rasu a 1928 ɗansa George Kamurasi Rukidi na Uku ya gaje shi. Shi ne mahaifin Elizabeth, mahaifiyarta kuwa Kezia Byanjeru. Mutanen Toro suna da wata al'ada ta sunayen girmamawa da su ke kira empaako, ba su da yawa, kowane jariri a kan zaɓa masa ɗaya, da shi a ke gaisawa. Nata Akiiki.

Karatu

Sarki Rukidi mutum ne da ya gane inda iska ta dosa. Ya sa 'yarsa makarantar 'yan mata ta Gayaza a ƙasar Buganda, wadda 'yan mishan suka kafa tun 1905 musamman don 'ya'yan sarakuna da hakimai. Daga nan ya aika da ita Ingila, makarantar 'yan mata ta Sherborne, inda ita kaɗai ce baƙar fata. A 1959 ta shiga Kwalejin Girton ta Jami'ar Kambirij, ta fita da digiri na shari'a a 1962, shekarar da Yuganda ta sami mulkin kai. Kada a ɗauki wannan ƙaramin abu. Kambirij ba ta fara ba mata cikakken digiri ba sai 1948, ko su 'ya'yan Turawan. Shekara 11 kaɗai ke tsakanin buɗe wannan ƙofa da shigar 'yar Toro.

A Ingila digiri ba ya mai da mutum lauyan da zai yi magana gaban manyan alƙalai. A wancan zamani sai ya shiga ɗaya daga tsofaffin zauruka 4 na lauyoyi da ke Landan, ya ci jarrabawarsu, ya halarci liyafofinsu iyakar adadin da aka ƙayyade, kāna a kira shi a ba shi izni ya sa baƙar riga da farar hular nan ta gashin doki. Zauren Gray's Inn ta shiga, a 1965 aka ba ta izni. Afirka ta Yamma ta riga su da nisa, don Stella Thomas, haifaffiyar Ikko, ta sami wannan izni tun 1933. Amma daga Kenya da Tanganyika da Yuganda ba macen da ta riga Elizabeth.

Ba ta daɗe da wannan murna ba sai mahaifinta ya rasu, a watan Disamba na 1965. Ƙanenta Patrick Kaboyo ya hau gado da sunan Olimi na Uku, yana saurayi ɗan shekara 20. Bisa al'adar Toro kowane sarki yana da Batebe, watau 'yar'uwarsa da a ke naɗawa tare da shi, ta zama shugabar matan gidan sarauta, mai ba shi shawara, wadda ta ke iya faɗa masa abin da fadawa ba su iyawa. Wanda ya san sarautar Magaram a tsohuwar daular Barno, ko Magajiya a wasu masarautun Hausa, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Elizabeth aka naɗa. Ta kuma kama aikin lauya a Kampala. Da al'amura sun tafi yadda Sarki Rukidi ya tsara, da Toro ta sami sarki matashi da mashawarciya wadda ta san dokar Turawa ciki da waje, daidai lokacin da sarakuna su ke bukatar mai kare haƙƙinsu gaban gwamnatin tsakiya.

Rushewar sarauta

Amma ba haka Allah ya nufa ba. Tsarin mulkin 1962 ya ba Buganda matsayi na musamman, ya ba Bunyoro da Ankole da Toro nasu gwargwado. Firayim Minista Milton Obote mutumin arewa ne, daga Lango, inda ba a san sarki mai gado irin na kudu ba. Ya sami mulki ne da goyon bayan jam'iyyar Kabaka, Sarkin Buganda, har aka naɗa Kabaka Mutesa na Biyu Shugaban Ƙasa a 1963. Ƙawancen bai yi ƙarko ba. A 1964 aka yi ƙuri'ar raba gardama kan wasu gundumomi 2 da Ingilishi suka ƙwace wa Bunyoro suka ba Buganda, jama'a suka zaɓi komawa Bunyoro, zumunci ya yanke. A watan Fabrairu na 1966 Obote ya jingine tsarin mulki, ya kama ministocinsa 5. A watan Mayu ya aika da soja ƙarƙashin Kanar Idi Amin suka fāɗa wa fadar Kabaka a Mengo. Mutesa ya haura katanga ya gudu, ya ƙare a Landan, inda ya rasu a 1969. A watan Satumba na 1967 sabon tsarin mulki ya soke sarautun nan 4 gaba ɗaya.

Gaskiya ita ce ba dukan talakawan Toro suka yi kuka ba. Bakonzo da Bamba, mazauna duwatsu, sun daɗe suna ƙorafin cewa fadar Kabarole ta mai da su bayi, tun 1962 kuwa suka ɗauki makami da sunan Rwenzururu suna neman a raba su da Toro. Gimbiya ta tashi cikin gidan da ya ke ganin kansa uban ƙasa, amma akwai waɗanda su ke ganinsa azzalumi. Duk da haka, ga 'yar gidan, abin da ya auku a 1967 ƙwace ne tsantsa, an yi shi da bakin bindiga, aka lulluɓe shi da rigar doka. Wannan ɗaci shi ne mabuɗin fahimtar abin da ta yi bayan shekara 4.

A shekaran nan ta 1967 Gimbiya Margaret, ƙanwar Sarauniyar Ingila, ta gayyace ta Landan ta shiga wani bikin nuna tufafi na ƙasashen Kwamanwel. Gayyatar ta zama mata hanyar fita daga ƙasar da zama cikinta ya fara zama haɗari. Daga wannan biki ta shiga sana'ar tallar tufafi, a Landan da fari, sa'an nan a Niyu Yok, manyan mujallun ado irin su Vogue da Harper's Bazaar suka yi ta buga hotonta. Ba za mu daɗe a nan ba, ko da ya ke nan ne marubutan Turai su kan yi zango. Abin lura kawai shi ne sana'ar ta koya mata abin da Kambirij ba ta koyarwa, watau yadda a ke tsayawa gaban taro da 'yan jarida a mallake su. Ta kuma zo Nijeriya ta fito cikin sinimar Bullfrog in the Sun, wadda Francis Oladele ya shirya daga littattafai 2 na Chinua Achebe. Clara ta fito, yarinyar da al'adar mutanenta ta hana a aura don asalinta. 'Yar sarki ce aka ba wannan rawa ta taka.

Hidimar Idi Amin

Ran 25 ga Janairu, 1971, Obote yana Singafo wurin taron Kwamanwel, Janar Idi Amin ya ƙwace mulki. Wanda ya san ƙarshen labarin zai yi mamakin irin murnar da aka yi a Kampala ran nan, amma wajibi ne mai tarihi ya tsaya inda mutanen lokacin suka tsaya. Amin ya saki fursunonin siyasa. Ya cika majalisar ministocinsa da ma'aikatan gwamnati da masana. Ya sa aka ɗauko gawar Mutesa daga Ingila aka binne ta da girmamawa cikin kabarin kakanninsa a watan Afrilu. Ya fid da Benedicto Kiwanuka daga kurkuku, tsohon Firayim Minista, ya naɗa shi Alƙalin Alƙalai. Ingila ta yi maza ta amince da sabuwar gwamnati. 'Ya'yan sarakuna suka ɗauka lokacinsu ya komo, suka manta ko suka kau da kai daga cewa mutumin nan shi ne ya harba igwa cikin fadar Mengo. Cikin wannan yanayi Elizabeth ta amsa kira ta komo gida, aka naɗa ta jakadiya ta musamman, wadda ba ta da mazauni ɗaya, ana aikenta ƙasa ƙasa da saƙon Shugaba.

Har nan ba mai zarginta da kome, don masu hankali da yawa sun ruɗu kamar yadda ta ruɗu. Wahalar tana cikin abin da ya biyo baya. Tun cikin 1971 aka shiga karkashe sojan ƙabilun Acholi da Lango a barikoki. Amin ya bayyana a fili ba zai mai da sarautu ba. A watan Agusta na 1972 ya ba Indiyawa mazauna ƙasar kwana 90 su fita, dubban mutane suka bar gidaje da kantuna. Ran 21 ga Satumba na shekaran nan 'yan bindiga suka shiga Babban Kotun Kampala da rana tsaka, suka fito da Alƙalin Alƙalai Kiwanuka, ba a sake ganinsa ba. Shi ma ɗan Gray's Inn ne, zaure guda suka fito da Gimbiya. Bayansa da kaɗan shugaban Jami'ar Makerere, Frank Kalimuzo, ya ɓace haka nan. A 1973 ministoci 2 suka gudu suka ajiye aiki daga waje: Edward Rugumayo na ilmi, ɗan ƙasar Toro, da Wanume Kibedi na harkokin waje, lauya, wanda 'yar'uwarsa ma tana auren Amin. Kafin shekarar ta ƙare Amurka ta rufe ofishin jakadancinta na Kampala.

Ke nan sa'ad da aka ba ta ministar harkokin waje a watan Fabrairu na 1974, ba wanda ya ke cikin gwamnati da zai ce bai san halin da a ke ciki ba. Wanda ta gada, Laftanar Kanar Michael Ondoga, bai yi wata guda da sauka ba aka sace shi a Kampala, aka tsinci gawarsa cikin kogin Nilu. Kujerar da ta hau ke nan.

To, me ya sa ta hau? Akwai amsoshi, kowace da nauyinta. Ta fari ita ce tsoro. Amin ya kan yi naɗi ta bakin rediyo, sau da yawa wanda aka naɗa a nan ya ke fara ji, ƙin karɓa kuwa daidai ya ke da sa hannu kan hukuncin kisa, ba ga mutum kaɗai ba, har ga danginsa da ke cikin ƙasa. Ta biyu ita ce irin tunanin da ma'aikatan kirki su kan yi ƙarƙashin kowane azzalumi, cewa gwamnati daban, ƙasa daban, in masu ilmi duka suka janye sai jahilai su gaji kome. Ta uku, wadda masu yabonta ba su son ambata, ita ce sha'awar muƙami. Mace ce da aka rena tun tana ƙarama don ta riƙe al'amuran jama'a, aka ƙwace mata wannan gado tana da ƙuruciya, ga shi an miƙo mata wanda ya fi shi girma. A ganinmu uzurin tsoro yana da ƙarfi a 1974, amma ba shi da ƙarfi a 1973, lokacin da aikinta ya ke fid da ita waje a kai a kai, ƙofar da Kibedi da Rugumayo suka bi kuwa tana buɗe. Kuma abin da Amin ya ke bukata gare ta a fili ya ke. A shekaran nan ta 1974 ƙungiyar masana shari'a ta duniya da ke Janiba ta fid da rahoto mai tsanani kan kashe-kashen Yuganda. Ba abin da zai wanke fuskar gwamnati irin a ga lauyar Kambirij, 'yar sarki, mai Turanci kamar ruwa, tana magana da sunanta.

A Majalisar Ɗinkin Duniya

Zaman Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya na 1974, wanda ya ke shi ne na 29, yana cikin zaman da Afirka ta fi nuna ƙarfi a tarihin majalisar. Abdul'aziz Butafilika, ministan harkokin wajen Aljeriya, shi ne shugaban zaman. A watan Afrilu soja sun kifad da gwamnatin Fotugal, mulkin mallakarta a Afirka ya kama hanyar rushewa, a watan Satumba aka karɓi Gini Bisau cikin majalisa. A watan nan kuma soja suka tuɓe Sarki Haile Selassie na Habasha. Ƙasashen Afirka suka haɗa kai suka nemi a kori Afirka ta Kudu saboda wariyar launin fata. Amurka da Ingila da Faransa suka hau kujerar na ƙi a Kwamitin Sulhu, amma ran 12 ga Nuwamba Babban Zaure ya goyi bayan hukuncin Butafilika da ƙuri'a 91 bisa 22, aka hana wakilan Firitoriya zama. Kashegari Yasir Arafat ya yi jawabinsa na fari a wannan zaure.

Cikin wannan zama Gimbiya ta jagoranci wakilan Yuganda, ta hau mumbari ta yi jawabi da sunan ƙasarta. Ta soki mulkin mallaka da wariyar launin fata, ta kāre gwamnatinta daga zargin da a ke yi mata. Ta fuskar gwaninta ba wanda ya yi musun ta yi nasara. Ƙasar da wakilai su ke gudun a gan su tare da ita ta zama abin magana a Niyu Yok, manyan ministoci suka riƙa neman ganawa da ministarta. Amma nasarar tana da ɗaci, don ko wace kalma mai daɗi da ta faɗa ta ƙara wa mai kisa kwana ne. Jaridu kuwa, bisa halinsu, sun fi ba da labarin rigarta da kitsonta bisa ga abin da ta ce.

Da ta komo Kampala Amin ya karɓe ta da girma, ya rataya mata lambar yabo. Ba a yi 'yan makonni ba, a ƙarshen watan Nuwamba, ya tuɓe ta. Ya yi mata ƙazafi a bainar jama'a, wai ta yi lalata da wani Bature a filin jirgin sama na Orly a birnin Faris, ya ƙara da zargin ɓarnar kuɗi da hulɗa da 'yan leƙen asiri. Bai kawo shaida ko ɗaya ba. Yawancin waɗanda suka rubuta tarihin zamanin sun tafi a kan cewa neman aurenta ya yi ta ƙi. Akwai kuma abin da ba ya bukatar wani asiri: mutum irin Amin ba ya jure wa bara ya fi shi suna. Dubi irin makamin da ya zaɓa. Maza ya kan zarge su da cin amanar ƙasa, mace kuwa ya nufi mutuncinta, don ya san a nan ne rauni ba ya warkewa da wuri. Aka tsare ta, aka yi mata ɗaurin talala a gida. Ya riƙe ma'aikatar da kansa har wani lokaci. A farkon 1975 ta sulale ta ƙetare zuwa Kenya, daga can ta wuce Turai.

A nan ne ilmin shari'arta ya yi mata rana fiye da ko yaushe. Jaridun Turai da dama sun kwashi ƙazafin Amin sun buga kamar gaskiya, suna nishaɗi da shi. Ta kai su ƙara ɗaya bayan ɗaya bisa laifin ɓata suna, ta yi nasara, aka biya ta diyya. A ƙasarta ba kotun da zai saurare ta, amma kotunan waɗanda suka koya mata doka sun wanke ta. Amin kuwa tauraronsa bai dushe nan da nan ba. A watan Yuli na 1975 shugabannin Afirka suka taru a Kampala suka ba shi shugabancin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka, a wurin taron nan ne ma labari ya iske Janar Yakubu Gowon cewa an hamɓarad da shi a Ikko. Wanda zai yi wa Gimbiya hukunci mai tsanani, to ya tuna shugabannin nahiya sun yi wannan zaɓe ne bayan duk abin da muka zana a sama.

Jakadanci

Sojan Tanzaniya tare da 'yan gudun hijirar Yuganda suka ci Kampala a watan Afrilu na 1979, Amin ya gudu. Gimbiya ta komo, amma zaman bai yi tsawo ba. Yusufu Lule ya yi kwana 68 a kan mulki, Godfrey Binaisa bai cika shekara ba, zaɓen Disamba na 1980, wanda aka yi ta gardama a kansa, ya mai da Obote. Ta sake fita. A 1981 ta auri Wilberforce Nyabongo, shi ma jinin sarautar Toro. A 1983 ta buga tarihin rayuwarta, ta sake fid da shi da ƙari a 1989. Cikin shekarun nan ta goyi bayan Yoweri Museveni, wanda ya shiga daji da yaƙi tun Fabrairu na 1981.

Da Museveni ya ci Kampala a watan Janairu na 1986 sai ya aika da ita Washinton jakadiya. A ganinmu wannan ne aikin da ya fi dacewa a auna ta da shi, don a nan ne ta yi wa gwamnatin da ta yarda da ita aiki da zuciya ɗaya. Aikin ba mai sauƙi ba ne. Gwamnatin Shugaba Reagan tana kallon Museveni ɗan tawaye ne mai ra'ayin gurguzu, abokin Gaddafi na Libiya, Yuganda kuwa sunanta a Amurka bai wuce Amin da gawawwaki ba, ga baitulmali wayam. Ta yi amfani da sanayyar da ta tara tun zamanin Niyu Yok, ta shiga majalisa da jaridu da gidajen talabijin, ta buɗe ƙofofin da ƙaramin jakada ba ya ko isa bakinsu. A watan Oktoba na 1987 Museveni ya gana da Reagan a fadar White House. A shekaran nan kuma Yuganda ta daidaita da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, taimakon ƙasashen Yamma ya fara shigowa. Duk wannan ta yi shi cikin makoki, don mijinta ya rasu cikin haɗarin jirgin sama a Kasablanka a watan Disamba na 1986, ba ta daɗe da kama aiki ba. A 1988 ta bar muƙamin.

A 1993 gwamnati ta yi dokar mai da sarautun gargajiya. Aka naɗa Ronald Mutebi Kabakan Buganda, Olimi na Uku ya koma gadon Toro, Bunyoro ta bi baya a 1994, Ankole kuwa ba a mai da tata ba. Amma sarautar da ta komo ba ita ce wadda aka rushe ba. Tsarin mulkin 1995 ya sa sarakuna iyayen al'ada kaɗai, ba haraji, ba kotu, ba shiga siyasa, abin da ya yi kama da inda sarakunan Arewa suka sami kansu bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Gimbiya ta koma matsayinta na Batebe kusa da ƙanenta. Shekara 2 kaɗai ya yi, ya rasu a watan Agusta na 1995, aka ɗora ɗansa Oyo Nyimba bisa gado da sunan Rukidi na Huɗu, yana ɗan shekara 3. Gwaggonsa tana cikin manyan da suka tsaya a kan renonsa da riƙon masarauta, har ya cika shekara 18 a watan Afrilu na 2010 ya karɓi ragama da hannunsa.

Gwamnati ta sake kiranta aikin waje. Ta yi jakadiyar Yuganda a Jamus, aka haɗa mata da Fadar Paparoma, daga bisani aka aiko da ita Abuja ta wakilci ƙasarta a Nijeriya, ƙasar da ta taɓa zuwa tana 'yar gudun hijira mai wasan sinima.